Daga Zagi A Waya Zuwa Sara A Lungu

  Na san waɗansu daga Auyo suka taso, waɗansu daga Guri da Kirikasamma, kuma suna so su koma da sauran rana, saboda haka ba zan ja ku da nisa ba.

Yawancinku da maganar ruwa kuka san ni: ambaliya, kachalar da ta toshe hanyoyin ruwa, rabon iri bayan ruwa ya janye. Yau kuwa an ce in yi magana a kan wayar hannu da yaranmu. Kafin in faɗi aibinta, bari in ba ta haƙƙinta. A daminar 2022, lokacin da kogi ya cika ya tasam ma garin Haɗejiya, na ga aikin waya da idona. Saƙon murya ɗaya za a jefa a WhatsApp a ce jinga ta fara yoyo a wuri kaza, kafin a jima sai ka ga samari sun cika wurin da buhuna da shebur, cikin duhu, ba wanda ya biya su ko sisi. Yaran nan da muke kuka da su, su ne suka tare mana ruwa. Ina so mu riƙe wannan a zuciya, domin abin da zan faɗa nan gaba ba shi da daɗin ji.

An taɓa kira na sulhu tsakanin gidaje biyu. Ba zan faɗi unguwa ba, ba zan kama suna ba, domin iyayen suna raye, yaran kuma suna da sauran rayuwa a gabansu. Wasan ƙwallo aka yi tsakanin unguwa biyu. Mai tsaron gida, yaro ɗan shekara 15, ya yi tsalle zai kama ƙwallo, santsi ya kwashe shi, wandonsa ya yage. Aka yi dariya, shi ma ya yi dariya, aka ci gaba da wasa. A zamaninmu da nan maganar ta tsaya. Ashe wani yana riƙe da waya yana ɗauka. Kafin magariba an yanko wannan ɗan wurin, an ɗora masa kiɗa, an jefa a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu. Daga nan ya shiga zauren 'yan ƙwallo, ya shiga TikTok. Washegari yaron ya je makaranta, 'yan mata na nuna shi da baki.

Da dare ya mai da martani da saƙon murya, ya zagi wanda ya ɗauki bidiyon. Wancan ya rama, ya sako uwarsa a ciki. Masu kallo suka yi ta zuga su: wannan ya ce "ba ka isa ba," wancan ya ce "in kai namiji ne ka faɗi wuri." Aka faɗi wuri. A rana ta uku suka haɗu a bayan wani gidan kallon ƙwallo, kowa da mutanensa. An sari yaro ɗaya a hannu, wanda ma rakiya ya yi, bai san yadda maganar ta faro ba. Biyu sun kwana a hannun 'yan sanda. Ɗaya ya rasa jarrabawarsa ta fita a shekarar.

Abin da ya fi ba ni mamaki a zaman sulhun shi ne wannan: duk yaran biyu ba mai babbar waya tasa ta kansa. Ɗaya ta yayansa yake ara in yayan ya yi barci. Ɗayan kuwa layi kawai gare shi, sai ya sa a wayar aboki a shagon caji. Iyayen duka sun rantse mini cewa 'ya'yansu ba su da waya, kuma gaskiya suka faɗa. Don haka duk uban da yake zaune a nan yana cewa a ransa "ai ni ban saya wa nawa ba," ina roƙonsa kada ya tashi tukuna.

Faɗan yara ba sabon abu ba ne

Kada mu yaudari kanmu mu ce da can yara waliyyai ne. Mun yi faɗan unguwa da unguwa. Mun yi gori a dandali, 'yan mata sun yi habaici a waƙar gaɗa har wata ta tafi gida tana kuka. Mun yi dambe a bakin kogi. Kano ta san 'yan daba tun kafin wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. Bauchi ta san sara-suka, Gombe ta san kalare, Katsina ta san ƙauraye. Waya ba ita ta ƙirƙiro zafin kai ba.

Amma ku tuna yadda faɗanmu yake mutuwa. Dare yana yi, kowa ya shiga gida. Ka kwanta da fushi, ka tashi rabinsa ya tafi. In an zage ka, mutum biyar ko goma ne suka ji, cikinsu kuma da wuya a rasa wani babba mai wucewa da zai daka tsawa ya ce, "Kai ɗan wane, me kake faɗa?" Bayan mako guda an manta, wani sabon abin ya zo. Dare, da idon babba, da mantuwa, su ne suke kashe mana wuta ba tare da mun lura ba. Waya ta zo ta kwashe su. Yaro yana kwance a ɗaki ƙarfe ɗayan dare ana ci gaba da zaginsa a tafin hannunsa. Babu babba a zauren, domin yara ne suka buɗe shi, yaro ne shugabansa. Mantuwa kuwa babu ita, tun da duk wanda ya ga dama zai sake ɗauko bidiyon bayan wata shida ya sake jefawa. Mun saba cewa magana zarar bunu ce. To, wannan bunun an zare shi, an kuma rarraba wa mutum ɗari biyar kowa ya ajiye nasa.

A ganina 'yan kallo su ne babbar matsalar, kuma masana sun auna wannan. A 2005 waɗansu masu nazarin halayyar ɗan Adam a Amurka, Margo Gardner da Laurence Steinberg, sun sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta. In fitila ta nuna alamar a tsaya, ko ka taka birki ko ka yi kasada ka wuce. Sun gwada manya da matasa, kowa shi kaɗai, sannan a gaban abokansa. Manya ba su sauya sosai ba. Matasa kuwa, da zarar abokai na kallo, kasadarsu takan kusan ninkawa. Likitoci sun kuma nuna cewa sashen ƙwaƙwalwa na gaban goshi, wanda yake ce wa mutum "dakata ka yi tunani," ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20. Wato motar ɗan shekara 15 tana da inji mai ƙarfi, birkinta ne bai gama haɗuwa ba. Yanzu ku ɗauki wannan yaron ku sa shi a gaban 'yan kallo ɗari biyar waɗanda ba sa tashi, dare da rana. Yaron da na ba ku labarinsa ya ce mini, "Baba, ni ban so zuwa ba. Amma kowa ya ji na ce zan je." Tsoron kunya ne ya kai shi, ba jarunta ba.

Akwai kuma abin da kowa a nan ya sani a jikinsa: abin da ba za ka iya faɗa wa mutum ido da ido ba, cikin sauƙi kake rubuta masa. Ba ka ganin fuskarsa ta sauya, ba ka ganin hawaye, ba abin da zai sa ka ji nauyi. Wani masani mai suna John Suler ya yi rubutu a kan wannan tun 2004, lokacin da Facebook ma yake jariri. A birnin Shikago na Amurka, Desmond Patton da abokan aikinsa sun bi diddigin yadda gori da barazana tsakanin gungun matasa a intanet suke komawa harbi a kan titi. A Landan, shugabar 'yan sandan birnin ta lokacin, Cressida Dick, ta koka a 2018 cewa ƙaramar gardama a kafofin sada zumunta tana zama sukar wuƙa cikin ɗan lokaci. Na kawo waɗannan ne don mu san cewa abin bai tsaya ga yaranmu ba, kuma bai nuna tarbiyyar Haɗejawa ce ta fi ta kowa lalacewa ba.

Su ma masu kafofin suna da nasu kason. Kuɗinsu yana zuwa ne daga daɗewar da mutum yake yi yana kallo, kuma ba abin da yake riƙe ido kamar faɗa. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin. A ciki aka ga cewa daga 2017 na'urar da take zaɓar abin da za a nuna wa mutane tana ba alamomin motsin rai, har da alamar fushi, maki ninki biyar na alamar "ina so." Daga baya sun rage. Amma ku duba ma'anar abin: rubutun da ya fi tunzura mutane shi ake ƙara turawa gaba. Yaro kuwa ba wawa ba ne. In ya sa hoton gonar shinkafarsu mutum goma suka kalla, ya sa bidiyon da ake marin wani mutum dubu suka kalla, ya gane darasin ba sai an koya masa ba.

Inda wayar take samun ƙasa mai taushi

Sai dai zan yi muku gaskiya, domin akwai masu son a ɗora wa waya komai su huta. Da masu bincike suka duba dubban matasa gaba ɗaya, sun tarar alaƙar yawan riƙe waya da lalacewar yaro ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Yawancin yara suna kallon ƙwallo da waƙoƙi da wasan barkwanci, su ajiye, su yi barci. Cutar takan taru ne a kan waɗansu 'yan kaɗan, kuma kusan kullum za ka tarar da ma akwai wani rauni: gidan da ba a zaman lafiya, yaron da ya bar makaranta, wanda ya fara shan ƙwaya, wanda ba shi da abin yi daga safe har dare.

Mu a wannan yanki mun san lokacin da raunin yake buɗewa. In ruwa ya ci gona, kamar yadda ya yi a 2018 da 2020 da 2022, uba yakan tafi ci-rani, uwa tana fama da abin da za a ci. Makarantu su zama masaukin waɗanda ruwa ya kora, karatu ya tsaya makonni. Saurayin da ya saba wuni a fadama yana ban ruwa ko yana korar tsuntsu, ko yana bin babansa su, sai ya wayi gari ba shi da wurin zuwa sai majalisa da shagon caji. A nan ne mai tramol yake samunsa. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma duk wanda yake zagaya lunguna ya san shaye-shaye bai tafi ba, kaya kawai aka sauya. A nan ne kuma maganar ƙwacen waya take shigowa. Babbar waya ta zama rigar ado, wanda ba shi da ita ba a sa shi a lissafi, kuɗin data kuma kullum ake nema. Kano ta sha fama da masu ƙwacen waya da makami, an rasa rayuka. Tsakaninmu da Kano kuwa mota ɗaya ce, kuma yaranmu suna kallon bidiyon 'yan dabar can suna koyon tafiyarsu da maganarsu.

Mu manya fa?

Yanzu na zo wurin da zan taka sawun waɗansu, ku yi mini afuwa. Wa ya koya wa yaran nan zagi a waya? Ku buɗe Facebook lokacin siyasa ku gani. Magidanta ne masu furfura suke kiran juna sunayen da ba za a maimaita a wannan ɗaki ba. 'Yan siyasa suna saya wa samari data su zagi abokin hamayya, su kira su dakarunsu. Wanda ya fi iya cin mutunci shi ake ba babur. Yaro yana kallo, ya ga zagi sana'a ce mai kawo abinci.

Kuma mu ne masu tura abin da ba mu tantance ba. A watan Yunin 2018, bayan hare-haren da aka kai yankin Gashish a jihar Filato, hotuna masu tayar da hankali suka cika Facebook. Binciken da BBC ta yi daga baya ya nuna waɗansunsu ba su da alaƙa da abin da ya faru. Wani bidiyo ma daga Kwango Barazabil yake, tun 2012. Amma samari sun riga sun gani, sun tare hanya, an fitar da matafiya daga mota an kashe su, mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Binciken ya ce a lokacin mutum huɗu ne kacal suke aikin tantance labarai wa Facebook a Nijeriya, ba kuma mai jin Hausa a cikinsu. A Sakkwato, a watan Mayun 2022, saƙon murya a zauren WhatsApp na 'yan aji ne ya kai ga kashe wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, aka ɗauki kisan a waya aka watsa, har sai da gwamnati ta sa dokar hana fita a birnin.

'Yan'uwana na Guri da Kirikasamma, ku kuka fi kowa sanin abin da nake nufi. Duk kaka ana zaman ɗar-ɗar tsakanin manoma da makiyaya a kan burtali da ragowar amfanin gona. A irin wannan lokaci saƙon murya ɗaya mai cewa "sun shigo, sun kashe mutum uku" ya isa ya tayar da samarin ƙauye goma kafin dagaci ya sa takalminsa. Wanda ya tura yana ganin taimako ya yi. In labarin ya zama ƙarya, ba shi zai je ya tashi wanda aka kashe ba.

Ku tuna kuma ranar 1 ga Agustan 2024. Yunwa gaskiya ce, tsadar rayuwa gaskiya ce, kuma mutane suna da haƙƙin su fito su faɗa. A waya aka yi kiran zanga-zangar. Amma a wurare da dama abin ya juye ya zama fasa wurare da kwasar kaya, har Gwamna Umar Namadi ya sa dokar hana fita a Jigawa. Su wa aka gani a gaba? Yara ƙanana, da yawansu suna ɗaukar kansu bidiyo da kayan a ka, suna dariya. A ranar 1 ga Nuwamban shekarar aka gurfanar da waɗansu yara daga Arewa a Babbar Kotun Tarayya a Abuja, bayan kusan wata uku a tsare. Duniya ta ga yadda suka rame, waɗansu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, kafin Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Waɗanda suka zuga su daga cikin ɗakunansu, ko ɗaya ban ji ya kwana a wannan wurin ba.

'Yan mata

Na daɗe a kan samari domin nasu faɗan yana fitowa fili, ana ganin jini. Na 'yan mata a ɓoye yake. Saurayi ya karɓi hoton yarinya lokacin da suke shiri, ranar da suka ɓata ya ce ko ta yi abin da yake so ko ya watsa. Ko ƙawaye su buɗe shafi da sunan ƙarya su yi mata ƙazafi. Yanzu ma har ana iya ɗaukar fuskar yarinya a ɗora a jikin da ba nata ba. Yarinyar ba za ta faɗa a gida ba, domin ta san abin da zai biyo baya: a ƙwace wayar, a yi mata duka, a cire ta daga makaranta, wataƙila a yi mata auren gaggawa. Mai yi mata barazana ya san haka, da shi yake riƙe ta. Iyaye mata, in 'yarku ta daina cin abinci, tana firgita in waya ta yi ƙara, ta ce ba za ta je makaranta ba kuma ba ta faɗi dalili ba, ku ja ta ɗaki ku tambaye ta a hankali. Kalmar farko da za ta fito daga bakinku ita za ta sa ta buɗe ko ta rufe har abada.

Doka tana nan

Samarin da ke baya, wannan naku ne. Nijeriya tana da dokar laifukan intanet tun 2015, an yi mata gyara a 2024. Tura barazanar kisa ko ta cutarwa laifi ne. Tura hoton tsiraici laifi ne, in na yaro ko yarinya ne kuwa ya fi muni, ko da kai ma yaro ne, ko da turo maka aka yi ka tura gaba. Ga waɗansu daga cikin laifukan nan, sashe na 24 ya tanadi ɗauri har na shekara uku ko tarar da ta kai naira miliyan 7. A watan Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa waɗansu samari biyu masu wasan barkwanci a TikTok bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda ɓata sunan gwamnan lokacin. A watan ne kuma aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse aka kai shi Abuja saboda rubutu ɗaya da ya yi a Twitter a kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, sai da aka yi ta kiraye-kiraye kafin a janye ƙarar. Ni ina cikin masu ganin an wuce gona da iri a waɗannan shari'u, kuma dokar ta fi saurin tashi in babban mutum aka taɓa. Amma darasin da ya shafe ku shi ne, layinku yana haɗe da lambarku ta ɗan ƙasa, sunan ƙarya ba ya ɓoye kowa, kuma abin da ka goge a wayarka yana nan a wayar wani.

To, me za mu yi?

Ostareliya ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan kafofin sada zumunta daga Disamban 2025. Su kansu kamfanonin sun rubuta cewa sai ɗan shekara 13, amma wa yake dubawa? Mu a nan, inda waya ɗaya take zagaya hannu biyar, ban ga yadda hani kaɗai zai yi aiki ba. Ƙwace waya ma na gwada a gidana, abin da na samu shi ne yaron ya koma ta aboki, ni kuma na daina sanin komai.

Abin da na ga yana aiki shi ne shiga tsakani da wuri. A labarin da na ba ku, kwana uku ne tsakanin bidiyon da saran. Yara fiye da ɗari sun san wurin da lokacin. Babba ko ɗaya bai sani ba. Da a ce akwai wani wanda yaran suka yarda da shi, mai horar da su ƙwallo, ko malamin aji, ko wani yaya a unguwa, wanda za a raɗa masa ba tare da a ce wane ne ya kai tsegumi ba, da zama ɗaya a ƙofar gidan mai unguwa ya kashe maganar. Saboda haka ina roƙon kowace unguwa ta fitar da irin wannan mutum, namiji ɗaya mace ɗaya. Kada a zaɓi wanda yara suke gudu in sun hango shi. A zaɓi wanda suke zuwa wurinsa da kansu, a kuma yi masa sharaɗin riƙe sirri.

Masu shagon caji da masu tura fina-finai, ku ma kuna cikin wannan aiki ko kun so ko ba ku so ba, domin a gabanku ake kunna saƙonnin nan. Shugabannin zaurukan WhatsApp, in an jefo zagi ko bidiyon tozarci ku goge nan take, ku kira mai shi a gefe. Kada ku yi masa faɗa a cikin zauren, domin nan ma gaban 'yan kallo ne, taurin kai zai ƙara. In sulhu ya kama, a yi shi ba waya a hannun kowa. Na taɓa ganin an ɗauki yaro bidiyo yana durƙushe yana ba da haƙuri, aka watsa, faɗan ya dawo sabo.

A gida kuwa, dare nake so mu ƙwato. Wayoyi su kwana a wuri ɗaya, a ɗakin uwa ko na uba, har da ta yaya, har da ta maigida in zai iya. Ku riƙa cewa yaro ya nuna muku abin da yake ba shi dariya a wayar, ku yi dariyar tare, domin wanda ya saba nuna maka abin dariya shi zai nuna maka abin kuka. In kuwa barazana ce ta zo, ko ana neman a tozarta yarinya da hoto, kada a goge saƙon cikin fushi. A ɗauki hotonsa yadda lamba da rana za su fito, a ajiye, kada a mai da martani, kada a biya ko kwabo. A tafi da shi wurin mai unguwa ko shugaban makaranta, in abin ya fi ƙarfinsu a wuce ofishin 'yan sanda tare da babba.

Malam mai gabatarwa ya ɗaga mini hannu tun ɗazu. Kafin a tashi, kowace unguwa ta zauna gefe ta ba mu sunayen mutum biyun nan, za a rubuta su a takardar da ke kan tebur. Samarin da ke bakin ƙofa, ku shigo ciki, ku za ku fara faɗin wanda kuka yarda da shi.